Kujerar Gaba

Ɗaliban aji biyar sun laƙaba wa malamarsu ta darasin rubutu suna Malama Ban-Gani-Ba, amma a bayan idonta suke faɗa. Jan bironta ne ya jawo mata. Yaro zai rubuta cewa kasuwa ta cika maƙil, ko kakarsa mace ce mai kirki, sai takardarsa ta dawo da jan rubutu a gefe: ban gani ba. In ya zo ƙorafi, sai ta sauke tabarau kan hanci ta ce, "Kirkin nata a ina yake zaune? Me ta yi ranar da ka fasa mata kofi? Rubuta min wannan. Ni zan ce tana da kirki, ba kai ba."

Makarantar ta kuɗi ce, bene mai fenti ruwan ƙwai, azuzuwa a jere, kowane aji da fanka biyu, ɗaya tana juyi ɗaya tana kallonta. Malama ta daɗe a nan, ta koyar da yayye ta koyar da ƙannensu. Rabin shekara takan koyar da ƙagaggen labari, rabi kuma rubutun shawo kan mai karatu. Ta san ta iya aikinta, ta kuma san yawancin yaran maki kawai suke nema. Shekara takan zo ta wuce ba ta karanta shafi ɗaya da ya sa ta ajiye biro ba.

A layin baya, jikin taga, akwai wata siririyar yarinya da ake kira Kwandasta. 'Yar Baba Direba ce, dattijon da ke tuƙa bas ɗin makarantar tun kafin a ɗora benen. 'Ya'yan ma'aikata kyauta suke karatu, shi ya sa take aji ɗaya da 'ya'yan likitoci da manyan 'yan kasuwa. Sunan kuwa ta same shi ne don kullum ita ce a kujerar gaba, gefen babanta, safe da yamma. Ko ƙaramin yaro ya yi ta birgima yana son kujerar, ba ta tashi. Ba ta da surutu, ba ta ɗaga hannu a aji, rubutunta ƙanana ne kamar tana tsoron cinye takarda.

Wani mako Malama ta ba su aiki: kowa ya rubuta labarin mutumin da yake tsoron wani abu. Aka kawo mata aljanu, 'yan fashi, da wani maciji mai magana. Kwandasta ta kawo shafi ɗaya a kan wani direban babbar mota da idonsa ya fara dushewa, yana tsoron kada a gane a kore shi. Malama ta cika gefen da ja, ta kira ta bayan an tashi.

"Akwai abu a nan, amma kin tsaya a bakin ƙofa kina leƙe. Mutum ba ya gani sosai, yaya yake tuƙi? Wa ya sani? Me hannunsa yake yi a kan sitiyari?"

"Malama, ai ƙirƙira ce kawai."

"To ki ƙirƙira da kyau mana. Gidanku gidan tuƙi ne, ki ara daga abin da kika sani. Ƙarya ma in za a yi ta a takarda, da gaskiya ake ɗinke ta."

Yarinyar ta karɓi takardar ta ninke ta, ta fita.

Abin da ta dawo da shi bayan 'yan kwanaki, Malama ta karanta shi a ɗakin malamai lokacin hutun tsakar rana, shayinta yana hucewa a gefe. Direban labarin ya haddace hanyarsa da jikinsa. Yana gane kwanar gidan burodi da ƙamshi, yana gane gada da canjin ƙarar taya. Gefe-gefen duniya sun tafi, tsakiya kawai ta rage masa, kamar mai leƙe ta bututu. 'Yarsa ke zama a gefensa da gwangwanin kayan lissafi a kan cinya. In mai babur ya kutso daga hagu, sai ta ƙwanƙwasa gwangwanin da farce, ya rage gudu. In ta ƙwanƙwasa da sauri, ya take birki. Ba su taɓa yin maganar da baki ba, ko a gida. Da yamma in sun sauka, sai ya dafa kanta ya ce, "Yau ma Allah ya kawo mu."

Malama ta ajiye biro. Ta taga ta hango bas ɗin makaranta a ƙarƙashin bishiya, Baba Direba yana goge gilashin gaba da tsumma. Gilashin tas yake, amma ya goge, ya ja da baya ya duba, ya sake gogewa. Wani tunani ya taɓa ta, ta kawar da shi. Ita ba bas take hawa ba, kuma yara suna da kaifin tunani. Abin da ya fi cika mata rai shi ne, ga shi a ƙarshe an samu ɗaya mai iya rubutu. Ta saka labarin a jaka, ta kai shi gida, ta karanta wa maigidanta yana gyaran wata tsohuwar rediyo, ya ce, "Wannan yarinya ce ta rubuta? To ki kula, za ta ƙwace miki aiki." Labarin ya yi kusan mako a jakarta tana jiran ranar darasi mai tsawo.

Ranar darasin da safe ta tare yarinyar a baranda ta ce za ta karanta wa aji.

"Don Allah, Malama, kada ki karanta."

"Me ya sa?"

"Ni dai ba na so."

Shawo kan mutum sana'ar Malama ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ba za ta faɗi sunan mai labarin ba. Ta ce 'yan ajin nan sun ɗauka rubutu shi ne tara manyan kalmomi, suna buƙatar su ji na gaske daga hannun ɗaya daga cikinsu. Ta ce ita ma tana yarinya kunya ta hana ta nuna abin da ta rubuta, kuma har yau tana nadama. Sannan ta rage murya ta ce, "A cikin duk waɗanda na koyar, ban taɓa roƙon kowa irin wannan ba."

Yarinyar ta dubi takalminta. Can ta ce, "To."

Malama ta iya karatu a bayyane, ta san inda ake jan numfashi da inda ake barin shiru ya yi aiki. Ajin ya yi tsit, ta ɗauka labarin ne ya kama su. Da ta iso wurin gwangwani, sai ta ji kujeru suna motsi. Ta ɗago. Kusan rabin ajin bas suke hawa, kuma duk wanda ke hawa ya san wannan ƙwanƙwasar. Sun sha yi wa Kwandasta tsiya a kanta, suna cewa ta ƙi kiɗa ta ƙi bari. Yanzu kawunansu duk sun juya layin baya, zuwa ga gwangwanin da ke kan teburinta.

Wani yaro da ake kira Lauya, gwanin muhawara na makarantar, ya ɗaga hannu. Ƙannensa mata ƙanana a bas suke zuwa.

"Malama, wannan labarin ƙirƙira ne?"

"Darasinmu ƙagaggen labari ne. Zauna."

"Na sani, Malama. Amma ƙirƙira ne?"

Kwandasta ta miƙe, ta ɗauki jakarta, ta bi ta tsakanin tebura ta fita. Ba wanda ya yi dariya. Malama ta tsaya da takardar a hannu, saura shafi guda ba ta karanta ba.

Washegari bas ya shigo kusan wayam, iyaye kuwa suka cika bakin ƙofa da motocinsu. Mai Makaranta, mutum mai ƙaton ciki da tattausar murya, bai kai maganar ofis ba. A tsakar fili ya tsayar da Baba Direba, gaban iyaye, ɗalibai sun jeru a barandar bene suna kallo. Ya sa maigadi ya tsaya can gefe ya ɗaga hannu.

"Baba, kalli nan, kalle ni. Kada ka juya kai. Me maigadi yake yi?"

Dattijon ya ƙura ido gaba. Wuyansa yana son juyawa, yana hana shi.

"Ranka ya daɗe, rana ce take haske min ido."

"Ranar tana bayanka, Baba."

Wata uwa ta dafe ƙirji tana salati. Baba Direba ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli, ya miƙa da hannu biyu. Daga baya aka ji cewa likita ya ce jijiyar idon ce take mutuwa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Aka sallame shi. Tunda ba ma'aikaci ba ne yanzu, 'yarsa za ta ƙarasa zangon ne kawai. Ba ta ma jira ba, daga ranar kujerarta ta jikin taga ta zama ta ajiye jakunkuna.

Malama ta kasa cin abinci sosai kwana biyu. Maigidanta ya ce, "Ni fa ban ga laifinki ba. Da ɗanmu ne a motar fa?"

"Ba a nan matsalar take ba."

"To a ina take?"

Ta tashi ta shiga wanke kwanukan da ta riga ta wanke.

Sai ta yanke shawarar ta gyara abin da kayan aikinta. Ta jawo darasin shawo kan mai karatu gaba, tun lokacinsa bai yi ba. Ta rubuta a allo cewa kowa zai yi wa Mai Makaranta rubutu, ya nemi a bar 'yar Baba Direba ta ƙarasa karatunta, a kuma ba dattijon wani aikin da ba na tuƙi ba. Ta koyar da darasin kamar ba ta taɓa koyar da shi ba. Ta ce su fara sanin wanda suke wa magana, me yake tsoro, me yake alfahari da shi. Ta ce kada su buɗe da faɗa, su buɗe da abin da suka yarda da shi tare. Ta ce duk ƙorafin da suka san zai yi, su riga shi faɗa, su amsa, don ya rasa inda zai tsaya. "Hawaye ba hujja ba ne," in ji ta, "amma hujjar da ba ta taɓa zuciya a tebur ake barin ta."

Lauya ya ɗaga hannu. "Malama, in mutum bai yarda ba fa?"

Malama ta dubi allo. Shekara da shekaru tana gaya musu kada su rubuta abin da ba su yarda da shi ba.

"Ka rubuta abin da ka yarda da shi."

Takardun suka zo. Yawancinsu ban tausayi ne zalla: Baba Direba tsoho ne, yana raba musu alawa, yana jiran wanda ya makara, Allah yana son masu tausayi. Waɗansu sun ɗan taɓuka. Na Lauya ta bari a ƙarshe, ga abin da ta tarar:

"Ƙanwata ta aji ɗaya tana barci a bas. Kullum da yamma sai ta jingina kai da gilashi, baki a buɗe, takalmi ɗaya ya zame. Tana barci ne don an gaya mata babba ne ke tuƙi. Ba na jin haushin idon Baba Direba, ba shi ya zaɓi ciwo ba. Amma shi ya zaɓi ya murɗa makulli kowace safiya. 'Yarsa ta sani, kuma ita ce ke kama hannun ƙanwata ta hau da ita mota. Za a ce ai ba a taɓa yin haɗari ba. Gaskiya ne, kuma ba na so in jira ranar da za a daina faɗin haka. Za a ce mu tausaya. Na tausaya. Amma in aka bar su kamar ba abin da ya faru, an koya mana cewa wanda ya iya ɓoye abu da kyau shi ake yi wa uzuri. Sannan labarin nan ya kwana a hannun babba kafin a karanta mana shi, kuma bas bai fasa fita ba ko sau ɗaya."

Ta karanta, ta sake karantawa tana neman inda za ta sa ja. Ya san wanda yake wa magana. Ya riga kowa faɗin ƙorafi ya amsa. Ƙanwar tasa kuwa Malama ta gan ta ƙuru-ƙuru, har da takalmin. Ta ba shi maki mafi yawa a ajin.

Duk da haka ta zaɓi masu dama-dama daga cikin sauran ta kai ofishin Mai Makaranta. Ofishin sanyi ƙalau, kofunan gasa a jere a kan kabad, hoton kowane rukunin da ya gama a bango. Ya karɓa, ya duba sama-sama yana gyaɗa kai.

"Madalla, Malama. Yaranmu sun iya rubutu. Wannan ai talla ce gare mu."

"Ranka ya daɗe, ba don talla na kawo ba. Yarinyar nan shekara ɗaya ta rage mata. Baba kuma ko sito aka ba shi, ko kula da fili, zai iya."

Ta yi magana mai tsawo, kuma ta yi ta da kyau. Ta fara da yadda shi Mai Makaranta ya gina wurin nan da mutane irin su Baba Direba, ta riga shi ambaton fushin iyaye, ta ce fushi yana hucewa amma suna ba ya gogewa. Ya saurara har ta gama. Sannan ya jawo durowa ya ciro takarda. Kwafin rubutun Lauya ne, uban yaron ya kawo masa da kansa.

"Kin ga wannan? Ni dai ya shawo kaina. Ke kika koya masa ai, ki yi alfahari. Zan sa a tura shi gasar makarantu." Ya sa yatsa a kan layin ƙarshe. "Wannan wurin ne kawai za a cire. Iyaye sun tambaye ni wane babba ne labarin ya kwana a hannunsa, da kuma tun yaushe ya sani. Na ce musu Malama ba ta gane ba, ta ɗauka tatsuniya ce. Haka ne ko?"

Malama ta dubi kofunan da ke kan kabad.

"Na kare ki, 'yar'uwa," ya ce a hankali. "Kada ki sa in gaji. Kuma daga yanzu, duk abin da za a ba yara su rubuta ya fara biyowa ta nan. A ba su amfanin tsafta, a ba su ranar da ba za su manta ba. Mu bar gidajen mutane su huta."

Ta tattara takardunta ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe."

Ranar Asabar da la'asar ta nemi gidan. Ɗakunan haya ne a bayan wani garejin gyaran motoci, sai ka tsallake baƙin mai da tsofaffin tayoyi kafin ka kai ƙofa. Uwar yarinyar ce ta fito, hannunta da kumfar wanki. Ta amsa sallama a taƙaice, ta ɗaga labule, ta koma kan bahonta ba ta ƙara ko kallon baƙuwar ba.

Baba Direba yana zaune a bakin gado, hannuwansa a kan gwiwa. Ya juya kansa gaba ɗaya kafin ya same ta.

"Ah, Malama ce? Lale, lale. 'Yar nan, kawo wa malamarki ruwa."

Yarinyar ta kawo ruwa a kofi, ta durƙusa ta ajiye, ta gaishe ta kamar yadda ake gaida kowace baƙuwa, ta koma bayan labulen da ya raba ɗakin biyu. Malama ta fara ba da haƙuri, kalmomin da ta shirya a hanya suka zo mata a tsattsaye kamar na karatu. Dattijon ya ɗaga hannu.

"Bari, Malama, abin da ya faru ya faru. Ni abu ɗaya nake so. Kowa ya ji labarin nan, har maigadi ya ba ni guntunsa, ni kaɗai ne ban ji ba. Na ce ta karanta min ta ƙi. Ni kuma rubutu ya zame min tururuwa. Yana wurinki?"

Yana jakarta, ta zo ne da niyyar mayarwa. Ta ciro ta karanta, wannan karon ba jan numfashi ba salo, muryarta a ƙasa. A waje ana buga ƙarfe a gareji. Da ta iso kwanar gidan burodi ya yi murmushi.

"Ta manta injin niƙa. Shi nake fara ji, sannan burodin. Ci gaba."

Ta karanta har shafin da aji bai ji ba. A cikinsa 'yar direban tana kwance tana lissafin ranar da za ta yi zazzaɓi ta kasa zuwa, ko ranar da za ta yi atishawa daidai lokacin da yaro zai tsallaka titi. Tana so ta gaya wa wani, amma duk wanda ta gaya wa, babanta ta kashe. Labarin ya ƙare tana wanke fuska da safe, tana saka gwangwani a jaka.

Baba Direba ya shafa gwiwarsa.

"Ban san haka take kwana ba," ya ce. "Ni ban taɓa ce mata ta buga min komai ba. Wata rana ce kawai na ji ƙwas, na taka birki, sai ga mai kurar ruwa ya wuce ta gabana. Shi ke nan muka ci gaba. Na ce a raina in ta gama aji shida zan ajiye makullin da kaina. Saura kaɗan, Malama." Ya juya kai wajen labulen, ya dawo. "Yaron nan da ya yi rubutu a kaina, an ce ya iya magana. Bai yi ƙarya ba. Ki gaya masa ban riƙe shi ba."

Da ta tashi tafiya ya ce 'yar ta raka ta titi. Suka tsallake tayoyin a jere. A bakin hanya Malama ta ce ta ji an samar mata gurbi a makarantar gwamnati, kuma tana so ta ci gaba da duba mata rubutu, duk Asabar, ba sai an biya komai ba.

"Kina da baiwa. Irin wadda ba a samu kullum."

"Ajin kimiyya na shiga, Malama. Can amsa ɗaya ce, ko ka ci ko ka faɗi."

"Wannan ba ya hana..."

"Malama, in tambaye ki?" Yarinyar ta ɗago, karon farko da ta dube ta ido cikin ido. "Da kika karanta, kin gane ko ba ki gane ba?"

Motoci suna wucewa. Malama ta ce, "Na yi zato."

"Na san kin yi. Shi ya sa na rubuta miki. Na ɗauka za ki kira ni gefe ki ce kin gane, ki zo gida ki yi wa Baba magana, tunda ke kin iya magana. Ya je ya ajiye makullin da kansa, a yi masa godiya, a ɗauke shi hoto. Kullum ina jira ki kira ni. Da kika tare ni a baranda na ce yau ce."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba a lokacin?"

"Na ce miki kada ki karanta."

"Amma daga baya..."

"Na ce to. Na sani. Ni ban san yadda ake ce miki a'a ba, Malama. Ba wanda ya sani a ajinmu."

Yarinyar ta tsayar mata da tasi, ta ce a gaida gida, ta juya ta shige lungun garejin.

Aka ɗauki sabon direba, matashi mai ido garau da ƙafa mai nauyi a kan totur. Iyaye suka yi ƙorafin gudu na ɗan lokaci, suka gaji suka bari. Malama ta ci gaba da shiga aji da batutuwan da ofis ya sa wa hannu. Yara suka rubuta mata amfanin tsafta, ta gyara musu waƙafi da aya, ta ba su maki. Ta yi niyyar isar wa Lauya saƙon dattijon, amma duk ranar da ta gan shi sai ta ga ba ranar ba ce, har zango ya ƙare.

Rubutun nasa, ba layin ƙarshe, ya zo na ɗaya a gasar makarantu. Ranar rabon kyaututtuka aka kafa rumfuna a fili, daidai inda aka karɓi makullin. Yaron ya karanta shi a lasifika, iyaye mata suna share ido wurin ƙanwar da ke barci. Mai Makaranta ya kira Malama kan dandamali, ya miƙa mata agogon bango a kwali, ya ce ta ɗan gaya wa iyaye sirrin yadda take fitar da yara irin wannan.

Ta karɓi lasifikar. Fili ya yi shiru ana jiranta.

"Yaran ne suke da ƙoƙari," ta ce. "Mun gode."

Aka tafa. Ta sauko da kwalin a hammata, ta koma layin malamai ta zauna, malamin lissafi ya karɓa yana jujjuya shi, yana tambaya ko da batir a ciki.